Tulun da Bhabhi Ta Sauke

Ranar da yayana Mihir ya kwana tara da rasuwa, mahaifiyarmu Maa ta miƙo min fitilar kasko da butar tagulla. Ƙanin babanmu ne ya kamata ya je, tunda shi ya cinna wa gawar wuta, amma gwiwarsa ta kumbura.

"Kajri, ki cika tulun, ki kunna fitila, ki dawo. Ban da surutu a hanya."

Tulun na rataye a bishiyar pipal ta bakin kogin Ganga, da 'yar huda a gindinsa, yana ɗiga. Kwana goma mamaci ke yawo da ƙishirwa, a nan yake sha. A na goma pandit, malamin ibada, ya fasa tulun, mamaci ya san ya gama da ruwan duniya, ya wuce. Kowa a Banaras ya san wannan.

Ban da Bhabhi Ines, matar da Mihir ya auro daga Fotugal. Wata bakwai tana gidanmu. Ta iya ɗaura sari, ta iya raɓewa ta ba saniya hanya, ta daina toshe hanci in hayaƙin gawa ya taso. Fasa kofin ƙasa bayan shan shayi ne ya gagare ta. Sai ta wanke ta jera a taga. "Kajri, hannun mutum yi wannan, me ya sa kashe shi?" Ni kuwa in shiga kicin in karkata kai irin nata in maimaita, har Maa ta ƙware don dariya. Mihir ma bai tsira ba, sau nawa na kira Maa da muryarsa ta fito da faranti.

Na isa bishiyar rana na gab da faɗuwa. Tulunan wasu gidaje uku suna ɗiga. A reshenmu igiya ce kawai, tana lilo. Babu iska.

Tsohuwa mai sayar da fure ta yafito ni.

"Farar amaryarku ta zo da asuba. Na ce 'yata ba a taɓawa, ta yi min murmushi ta rungume shi ta tafi." Ta rage murya. "Yini guda yayanki bai sha ba. Ki yi sauri."

Na juya.

Lungunmu cike yake da ƙarar ƙararrawa da ƙamshin suya, kamar kullum. Butar ce ta canza. Na ɗebo ta maƙil, amma tana ta raguwa a hannuna. Na duba ƙasa. Ko ɗigo bai zuba ba.

Sai na ji haɗiya. Dab da kunnena. Ƙwat. Ƙwat.

Ban waiwaya ba. Kafin ƙofar gida butar ta bushe ƙamas.

Maa na ɗakin ibada. Na haura sama. Ɗakin Bhabhi na warin ƙonannen itace da man shanu, warin da maza suka dawo da shi a jiki ranar ƙona gawa.

Tana zaune a ƙasa, tulun a cinyarta. Ta toshe hudar da kakin kyandir don kar ya jiƙa mata tabarma. Leɓenta ya tsattsage. Kumatunta sun faɗa, kamar wadda ta yi mako tana zazzaɓi. Kuka take, amma idonta a bushe.

"Bhabhi, miƙo."

"Shii. Yana nan. Ba fasa shi, Kajri. Ku kullum fasa, fasa."

"Ke yake sha, Bhabhi. Dubi hannunki."

Kofunan taga suka fara kaɗawa, ɗaya bayan ɗaya.

"'Yar biri."

Shi kaɗai ke kirana haka. Muryar ta fito daga bayan Bhabhi, inda babu komai sai bango.

"'Yar biri. Ruwa."

Bhabhi ta jingina baya, wani abu ya tare ta kafin bangon.

Na fizge tulun.

Hannu ya kama wuyan hannuna. Zafi, kaushi, kamar tubalin da ya yini a rana. Yawun bakina ya ɗauke. Harshena ya manne.

"Kajri."

Na ja jiki zuwa taga. Na saki tulun.

Ƙarar ta cika lungu. Kofunan suka yi tsit. Hannun ya sassauta a hankali, yatsa bayan yatsa.

Maa ce a bakin ƙofa. Ta ji muryar daga ƙasa. Ba ta tambayi kowa komai ba, ta sharara min mari.

"Ɗana ko kwana goma bai yi ba kike wasa da muryarsa? Mara kunya!"

Na kalli Bhabhi. Ta san ba ni ba ce. Ta kau da kai.

Washegari pandit ya ce an sallami Mihir tun lokacinsa bai yi ba, da maƙogwaro busasshe, kuma ta hannun da bai dace ba. An rataya sabon tulu. Aka cika shi, ya ɗiga, aka fasa. Ba wanda ya ce ya wadatar. Tun ranar Maa ba ta ƙara karɓar ruwa daga hannuna ba.

Bayan kwana goma sha uku Bhabhi ta haɗa kayanta. Ni na riƙe mata jaka zuwa bakin titi, shatin yatsu huɗu a hannuna bai gama baje ba. Mai keke na ɗaure kaya Bhabhi ta yi magana, ba ta dube ni ba.

"Dare ɗaya ya rage min da shi."

"Da na bar miki, Bhabhi, da gawa za mu tarar da safe."

Ta hau keken, ta gyara sarinta.

"Na sani," ta ce.