Katakon Bakin Kwata

Auta na tsugune tana wanke-wanke sai ga Gwaggo, ƙanwar Baba, ta faɗo gidan mayafi na jan ƙasa.

"Ina ubanki? Yau an gama da mu, an sa mu a rediyo."

Baba ya fito daga ɗaki yana gyara hula. "Lafiya?"

"Ina lafiya, Yaya? Dogon nan mai gyaran fanka da ke neman Auta, shi ya yi wa gidan nan waƙa. Kwatar ƙofar gidanka ya waƙe, da bangon da ya tsage. Har kai ya saka a ciki."

Auta ta san Dogo na rubuta waƙa, ta kuma daɗe tana jiran tata. Ƙawayenta samarinsu na kiransu wata da tauraro, ita nata ya tafi ya waƙe kwata. Gwaggo ta tsare ta sai da ta nemo shirin a waya ta kunna. Muryar Dogo ta fito a hankali:

"Layinmu ya tsufa, fenti ya gudu,
Kwata ta cika ta hau kan hanya.
Da sassafe wani dattijo kan ɗora katako,
'Yan makaranta su haye da farar safa.
A tsagar bango wani tsiro ya leƙo,
Akwai hannun da ke ba shi ruwa kullum."

Baba ya ce a maimaita, aka maimaita. Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi 'yarsa.

"To yanzu wannan zagi ne ko yabo?"

"Zagi mana," in ji Gwaggo. "Wa ka taɓa jin an yaba da kwata?"

Baba kuwa katakon ne ya fi yi masa ciwo. Shekara da shekaru yana ɗora shi kafin layi ya tashi, don kada kowa ya san ko wane ne.

"Ko ma mene ne, ya tona min asiri. Kada ya ƙara taka min ƙofar gida."

Auta ta shige ɗaki ta ci kuka ta ƙoshi. Da la'asar Dogo ya kira.

"Sori, Auta, wallahi ban yi nufin ɓata wa Baba rai ba—"

"Kwata ka gani, ni ba ka gan ni ba?"

"Ai kina ciki."

"A ina?"

"Hannun da ke ba tsiron ruwa. Naki ne."

"Hannu? Duk jikina hannu kaɗai ka gani? Kuma ni ba shayar da shi nake ba, ruwan wanke-wanke nake watsawa can saboda kwata ta cika."

"Shi tsiron bai san haka ba. Filis, ki fito bakin shagona mu yi magana."

"Baba ya ce kada ka zo. Ni ma ba zan bi ta bayan idonsa ba."

Ta kashe wayar. Ta leƙa waje ta duba tsagar bangon. Tsiron na nan, har ya fid da ɗan fure rawaya, ita ba ta taɓa lura ba. Ta tsaya tana kallonsa, ta rasa ko daɗi za ta ji ko haushi.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Auta ta rame, amma ba ta ɗaure wa Baba fuska ba, ba ta fasa aikinta ba. Shi ma Baba ya shiga ruɗu. Wasu na yi masa dariya suna kiransa Baba Mai Katako, wasu iyaye kuma na tsayawa su yi masa godiya har da sa albarka. Yakan dawo gida ya zauna yana girgiza kai. Rannan ya ce, "Auta, kira min yaron nan."

Dogo ya zo cikin fararen kaya, ya durƙusa a ƙofar gida. Auta na bayan ƙyaure tana sauraro.

"Ka ga kwatar nan?"

"Na gani, Baba."

"Ka waƙe ta?"

"Na waƙe ta."

"Ta ragu?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Baba ya miƙa masa shebur ya koma ciki.

Haka Dogo ya shiga kwatar da fararen kayansa. Ya kwashi ledoji, da robobi, da baƙin taɓo, yana yi yana tari. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Yauwa, yanzu ne waƙa ta yi daɗi." Maƙwabta suka ji kunyar tsayawa kallo, suka fito da nasu sheburan. Kafin mako ya zagayo ruwa ya koma hanyarsa, layi ya bushe.

Washegari da sassafe Auta ta ga Baba ya fita da katakonsa kamar kullum. Ya tsaya a bakin kwata yana waige-waige, babu inda zai ɗora shi. 'Yan makaranta suka wuce ta busasshiyar ƙasa suna gaishe shi. Ya daɗe a tsaye, sannan ya saɓa katakon ya nufi shagon kafinta.

Da yamma ya aika a kira Dogo. A ƙofar gida ga katakon nan, an yi masa ƙafafu huɗu.

"Zauna," in ji Baba. "Auta, kawo masa ruwa. Kai kuma ka turo manyanka. Amma in na ji bencin nan a rediyo, ni da kai ne."

Auta ta kawo ruwan tana dariya tana hawaye. Abin da ya rage a kofin ta juye wa tsiron, wannan karon da saninta.

To 'yan mata, ku ji da kyau. Da Auta ta saɓa wa ubanta ta fita bakin shago, da ta rasa uban ta rasa mijin. Ku kuma samari, idon da ya iya ganin ɓarna har ya tsara mata baiti, sai hannu ya bi bayansa da shebur kafin a ba shi wurin zama.