Ƙashin Raƙumi a Zauren Baje Koli

Ƙarfe goma na safiyar Litinin aka kira Insifekta Alkasum zuwa wani lise, wato makarantar sakandare, da ke gabashin Agadas. Tun daga ƙofar zauren baje kolin makarantar ya toshe hanci.

"Me ya mutu a nan?"

Madam Habsatu, shugabar makarantar, ta nuna akwatin gilashi. A ciki akwai dogon ƙashi da aka shafe da jar laka, ƙudaje na bin sa.

"Ƙashin dinozor ne ya kamata a gani. Wata gwauruwa ta ara mana, marigayi mijinta ya tsinto shi a hamadar Tenere. An musanya shi."

Alkasum ya kankare lakar da mabuɗin mota. Ɓargo ya tsattsafo, kore, mai ɗoyi. Ya goge mabuɗin da takarda har sau uku.

"Na raƙumi ne. Wa kuke zargi?"

"Amadou mai gadi," in ji wani mai farar shadda da ake kira Mushe, wato Malam da Faransanci. "Ni ne Mushe Lukumanu, malamin ɗaukar hoto. Ranar Asabar na gan shi ya fito da buhu."

Amadou na tsugune a bakin ƙofa, tsoho mai makyarkyata, an riga an karɓe masa mabuɗai.

"Shara ce a buhun, ranka ya daɗe," ya ce.

Alkasum ya juya. "Mushe, an ce ɗalibanka sun ɗauki hotunan baje kolin."

"Aikin aji ne. Amma na tattara katunan kyamarorin, duk sun lalace. Birus na kwamfuta ya ci su."

"Duka?"

"Duka."

A tsakar gida wata ɗaliba ta tare shi, ta ce sunanta Souwaiba.

"Nawa ba su lalace ba. Kafin in miƙa katin na tura su wayar yayata."

Ta miƙa masa wayar, ya duba. Hoton ƙarfe goma sha biyu na Juma'a: ƙashi baƙi, mai tsaga a tsakiya. Na ƙarfe biyu saura kwata: ƙashi ja, babu tsaga.

"Me ya dawo da ke a lokacin?"

"Hasken hoton farko bai yi ba. Maza sun tafi masallaci, zauren a kulle, sai na ɗauka ta taga."

Ya ƙara girman hoton. A ƙarƙashin tebur ga doguwar jaka ta ƙafafun kyamara, bakinta a buɗe.

"Ta wa ce?"

Ta sunkuyar da kai. "Ta Mushe."

Da azahar Alkasum ya shiga layin mahauta. Mahauci na huɗu da ya tambaya, mai suna Shamsu, ya tuna.

"Wani ɗan gayu ya sayi ƙashin ƙafar raƙumi ranar Alhamis. Wai karensa zai ba, amma sai da ya auna shi da igiya."

A ofishin Madam Habsatu, Alkasum ya ajiye wayar gaban Lukumanu.

"Ka ce Asabar aka yi satar. Wannan Juma'a ce. Ina kake?"

"Masallaci."

"Jakarka ce ba ta je ba? Ko in shigo da mahaucin?"

Lukumanu ya share gumi. Daga baya ya ce ƙashin dinozor ɗin na bayan motarsa. Wani baƙo zai saya ya wuce da shi arewa ranar Laraba.

"Shi kuma Amadou?"

"Haba, Insifekta. Tsoho ne, wane alƙali zai riƙe shi? Wata biyu zai yi ya fito."

Madam Habsatu ta tashi ta buɗe taga. Amadou, da aka shigo da shi, ya daɗe yana kallon malamin.

"Ni na ɗauki gawar mahaifinka zuwa maƙabarta," ya ce a hankali.

Lukumanu bai dube shi ba. Ya matso kusa da Alkasum, ya rage murya, ya miƙa hannu.

"Mu masu ilimi ne, ni da kai. Za mu iya fahimtar juna."

Alkasum ya sa hannayensa biyu a aljihu, ya kira ɗan sandan da ke waje.

"Sa masa ankwa. A bayan mota za ya zauna, ba kusa da ni ba."