Sakan Ɗaya Tsakanin Azare da Maigatari

Hannun ƙarfe ya sauko a hankali ya dafa wuyan sa. Yatsunsa suka laluba ƙarƙashin muƙamuƙi har suka sami maƙogwaro. Ɗaya hannun ya kawo wuƙa. Ja ɗaya. Jini ya yi tsartuwa ya bugi bango, san ya yi ta shure-shure har ya lafa.

A mayankar Maigatari ke nan. Wanda ya yi yankan kuwa yana Kano, a hawa na arba'in da ɗaya, zaune cikin ɗakin da bai fi shagon tela ba. Sunansa Nomau. Mahauci ne ɗan mahauci, shekararsa sittin da biyu.

Na'urar ana ce mata hannun-nesa. Mutum ya sa safar hannu guda biyu masu wayoyi, ya ɗora tabarau a ido, ya liƙa abin magana a kunne. Duk abin da hannunsa ya yi a ɗaki, hannun ƙarfe zai yi a mayanka, da ƙarfin mutum goma. Abin da ƙarfen ya taɓa, shi ma zai ji a tafinsa. Inji ya karɓe fiɗa, ya karɓe sara, ya karɓe awo. Yanka ne kaɗai ya gagare shi, don malamai sun tsaya a kan sai musulmi mai rai, da niyyarsa da bisimillarsa.

Da farko masu ƙera ta sun sa mata birki. In ta ji abin da ba ta gane ba, sai ta ɗaga wuƙa da kanta. Wata guda aka yi ana zubar da nama. Kowane mahauci ya san dokar tun yana yaro: wanda ya ɗaga wuƙa kafin ya gama yanka ya mai da dabba mushe. Mahauta suka ajiye aiki sai da aka cire birkin. Nomau ne ya ja gaba a wannan rigima, kuma bai taɓa gajiya da ba da labarinta ba.

Ƙafafun sa inji ke ɗaurewa. Kai kuwa sai mutum, don sa ba ya miƙa wuya ga ƙarfe. Mai riƙe wa Nomau kai shi ne Jatau. Tare suka fara aiki a kwata suna samari. Shekara tara ke nan ba su haɗu ido da ido ba, amma kullum suna tare.

"Ɗan sama, ka karya kuwa?" in ji Jatau ta abin magana. "Na ga hannunka na rawa."

"Hannun kakanka ke rawa. Kawo na gaba."

"Mai yanka da safa kamar amarya! Rabonka da warin jini tun yaushe?"

"Kai da ke shaƙarsa, me ka tara?"

"Tumbi," in ji Jatau, ya buga cikinsa.

Kano ta wancan lokaci ta haɗiye Wudil, ta haɗiye Bichi. Mutum ya yi wata bai taka ƙasa ba. Ran wata Laraba lifta ta tsaya, mutanen hawa hamsin suka kwararo ta matakala ɗaya. Aka tattake mutum bakwai har lahira. Tabawa matar Nomau na cikin waɗanda suka faɗi. Ta fita da karaya a wuyan hannu da shatin takalmi a kumatu.

Tun ranar ba ta da magana sai ta Azare.

"Malam, ƙanena ya samo mana gida. Da zaure, da rijiya, da dalbejiya a tsakar gida. Aikinka ai safa ce da tabarau. A jaka ɗaya za su shiga."

"Ina ji."

"Kullum kana ji. So kake sai an sauko da gawata ta matakalar nan?"

Nomau ya auna. Kano garinsa ce, nan kabarin ubansa yake, nan sabis ya fi ƙarfi. Azare ba ƙauye ba ce. Tana da jirgin ƙasa, da asibiti, da kasuwar da mutum zai zaga da ƙafa ya dawo. In ka mutu a can, maƙwabta za su sani kafin wari ya gaya musu. Wannan ya tsaya masa a rai fiye da rijiyar.

Ya ce, "Za mu je. Zan yi aikin wuni ɗaya a gidan. In ya yi, mun zauna."

Suka isa ran Asabar da hantsi. Nomau ya cire takalmi ya tsaya a kan rairayi, ya daɗe. Ya leƙa rijiya ya ga fuskarsa. Tabawa ta zauna a gindin dalbejiya, ta miƙe ƙafa kamar an haife ta a wurin. Shi ma a ransa ya riga ya tare.

Washegari da safe ya shiga zaure ya haɗa na'ura. Fitilar da ya saba gani koriya ta kawo ruwan ɗorawa. Muryar na'ura ta ce, "Akwai jinkiri. Sakan ɗaya. A ci gaba?"

Dalilin ba boyayye ba ne. Sabis ɗin Azare sai ya bi ta Kano kafin ya kai Maigatari. Abin da Nomau zai gani ya riga ya wuce da rabin sakan. Abin da hannunsa zai yi sai bayan wani rabin zai isa. Doka ta ce in fitila ta canja a gaya wa mai riƙe kai, a dakata. In ya dakata, kamfani zai rubuta cewa Azare ba ta yi ba. Sai a koma hawa na arba'in da ɗaya.

Tabawa ta leƙo. "Malam, launin nan fa?"

"Ke kika ƙera ta?"

"Tambaya na yi."

"Shekara arba'in ina yanka. Ko ido rufe na san inda maƙogwaro yake. Ja min ƙofa."

Ya ce wa na'ura, "A ci gaba."

Jatau ya bayyana cikin tabarau, yana naɗe hannun riga. "Baƙon Azare! Ya gari? An ba ka fura?"

"An ba ni."

"Sabis fa?"

"Garau," in ji Nomau.

"To madalla. Ka ajiye min ɗaki. Da salla zan zo in ci naman da ban riƙe kansa ba."

Sa na farko ya tafi daidai. Na biyu ma. Nomau ya gane dabarar: ya riga idonsa kaɗan, ya aika hannu kafin ya ga wuya ya gama miƙewa. Zuwa na tara har ya fara jin daɗin kansa.

Na goma rahaji ne, ja wur, ƙahoninsa kamar hannun mutum biyu a buɗe. Tun a ƙofa ya ɓalle wa wani ma'aikaci haƙora. Inji ya kama ƙafafunsa ya kayar da shi, ƙasa ta amsa. Jatau ya kama ƙaho ya murɗe kan zuwa alƙibla, ya danne muƙamuƙi da gwiwa.

"Yi maza, ɗan sama. Wannan ba ɗan arziki ba ne."

Nomau ya dafa wuyan. Ya ji zafin fata a tafinsa. Ya ce, "Bismillahi, Allahu akbar." Ya aika wuƙa.

A cikin tabarau wuyan na miƙe, Jatau na durƙushe a gefe. A Maigatari ba haka ba ne. Ɗaurin ƙafar baya ya riga ya tsinke. San ya riga ya fizge kai, ƙaho ya ɗauki Jatau ya kifa shi a kan wuyan.

Wuƙa ta sauka.

Nomau ya ji a safa. Ba fata ba ce. Yadi ne, sai taushi, sai ƙashi. Kunnensa ya cika da ihun ma'aikata: "Ɗaga! Ɗaga!" Ya ji su sarai. Kansa ya ce ɗaga. Hannun bai ɗaga ba. Hannun da ubansa ya doka da kube yana ɗan shekara goma don ya ɗaga wuƙa a wuyan akuya, hannun da ya yi shekara arba'in bai sake ba, ya ja har ƙarshe kamar kullum. Birkin da zai tsai da shi kuwa, shi ya sa aka cire.

Sannan hoton ya iso.

Jatau na kwance rigingine. Daga kafaɗa zuwa gindin wuya a buɗe. Jini na fita da bugun zuciya, yana kaiwa har gilashin na'ura. San ya miƙe da ƙafa uku, ya soki wani a cinya ya watsar, ya bi sauran suka haye katanga.

"Jatau!"

Nomau ya saki wuƙa ya kai hannun hagu don ya toshe raunin. Ya kai inda ya gani. Jatau ya riga ya mirgina. Ƙarfe ya sauka a ƙirjinsa da ƙarfin mutum goma. Nomau ya ji haƙarƙari na karyewa a tafinsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya janye. Janyewar ma sai da ta yi rabin sakan a hanya.

Bakin Jatau na motsi. Abin maganarsa na nan a kunne. Muryar ta zo a shaƙe.

"Nomau... ai ka ce min garau."

Ya fara kalmar shahada. Ƙarshenta ya iso Azare bayan mai ita ya tafi.

San ya dawo ya yi karo da hannun ƙarfe, hoto ya karkace. Muryar na'ura ta ce, "Yanka ya cika. Wuƙa ba ta ɗagu ba. A kawo na sha ɗaya?"

Nomau ya cire tabarau. Zaure shiru. Kurciya na kuka a kan katanga. Ya zare safa ya duba hannuwansa, gaba da baya. Fes suke. Ko ɗigo babu. Farar rigarsa ko tabo.

Ya buɗe ƙofa ya fita tsakar gida. Tabawa na tsince shinkafa a faifai da hannunta mai lafiya.

"Har ka tashi? Yaya, ya yi? Mun zauna?"

Ya wuce ta. Ya zura guga a rijiya ya jawo, ya tsuguna ya fara wanke hannu. Ya cuɗa da rairayi. Ya wanke har gwiwar hannu, ya ƙara jawo wani.

"Malam, me ka taɓa?"

Bai ɗago ba. Ruwan na sauka a ƙasa fari tas, kamar yadda ya fito. A zaure na'ura na ta maimaita tambayarta. Ya sake zura guga.