Wayar Ɗakin Baba Cindo

Abin ya fara ne ranar Talata, goma sha biyu ga watan Maris, 2019, da ƙarfe bakwai saura kwata na yamma, a gidan Alhaji Yahuza mai riɗi da ke Maigatari. Ladan bai sauke kiran magariba ba, sai wayoyin gidan suka ɗauki ƙara gaba ɗaya.

Ya kamata a san yadda wayoyin suke. A ofishin Alhaji, cikin zaure, akwai akwati a jikin bango, igiyoyi sun fita daga cikinsa. Ɗaya ta tafi sito, ɗaya cikin gida wurin Hajiya Safara'u, ɗaya kuma can ɗakin baya, inda yayan Alhaji, Baba Cindo, yake zaune tun da ya makance. An saita tasa yadda ba sai ya danna lamba ba. Da ya ɗaga kan wayar, sai ta yi ƙara a teburin ƙanensa. Da ita yake kira a zo a riƙe masa sanda zuwa masallaci.

Hajiya ta ɗauka, ba ta ji komai ba sai numfashi, irin na mai jira. Ta ajiye. Sai tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Kaji suka yi tsit a akurki.

Haka aka riƙa yi kullum magariba. Aka kira Nura daga Gumel, wanda shi ya haɗa akwatin. Ya bi igiyoyi, ya gwada kowane layi, ya ce bai ga lalacewa ba. Da zai faɗi haka bai kalli Alhaji ba, Alhaji ma bai kalle shi ba.

Ran Juma'a Sauda, 'yar autar gidan, ta ɗauki wayar tana ƙara. Ta daɗe da ita a kunne. Sannan ta zube a tsakar gida, idanu a buɗe, ba ta san kowa ba.

Malam Sajo ya iso daga Gagarawa washegari da la'asar sakaliya. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya ce kowa ya zauna, har Nura. Ya kunna turare, ya daɗe yana karatu. Da rana ta yi ja, Sauda ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin ta dattawa.

"Malam, rage hayaƙin nan," in ji wata murya mai kauri daga bakinta. "Ni ma musulmi ne. Na riga kakanka fara sallah."

"To me yarinya ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba. Ita ce dai mai ɗaukar waya a gidan nan."

"Faɗi buƙatarka."

"A ɗakin baya nake tun ba a ja katanga ba. Idan aka riƙe wa makaho sanda, sai in bi bayansu in sami jam'i. Yanzu kuwa ya ɗaga waya, ya jira, ya jira, har a sallame. Ya yi tasa shi kaɗai, yana laluben alƙibla. Tambayi mai igiya abin da aka sa shi."

Malam ya juya. Nura ya sunkuyar da kai.

"Alhaji ne ya ce Baba yana kira ana tsakiyar lodin motoci," ya faɗa a hankali. "Ya ce in saita layin, daga la'asar kada ya yi ƙara a ofis. Amma shi Baba ya riƙa ji a kunnensa kamar tana shiga, don kada ya gane."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. A lokacin ne aka lura da Baba Cindo tsaye a bakin rumfa. Bango ya biyo har ya iso.

"Na ɗauka aiki ne ya yi maka yawa, Yahuza," ya ce. "Har addu'a nake maka."



Aljanin ya so a cire akwatin a ƙone. Malam ya ce akwati ba shi da laifi, abin da aka umarce shi ya yi. Suka tsaya a kan cewa Nura ya mayar da layin yadda yake, nan take, a gaban kowa. Nura ya shiga zaure ya danna abin da zai danna. Aka aiki Hajiya ta ɗaga wayar ɗakin baya, sai ƙara ta tashi a ofis, duk gidan aka ji.

"Na fita," in ji muryar. "Ba don ku ba."

Sauda ta yi atishawa, ta dubi mutane, ta ce, "Inna, me ya faru?" Uwar ta jawo ta jikinta.

Da safe Baba Cindo ya aika garin Sule Tankarkar a kira 'yarsa Kyauta ta zo ta ɗauke shi. Alhaji ya durƙusa a gabansa, da girmansa, ya riƙe masa ƙafa.

"Tashi, na yafe," in ji tsohon. "Amma ko na ɗaga, ba zan ƙara sanin ko tana shiga ba."

Bai sake kwana a Maigatari ba. Tun ranar ba a ƙara jin tsakuwa a kan kwano ba.

Waɗanda suka rage a gidan su ne: Hajiya Safara'u, Sauda, wadda ta warke, Muhsina mai yi musu aiki, da Alhaji Yahuza, wanda ya sauya masallaci saboda ba ya iya haɗa ido da sahun gaba.