Layi na Goma Sha Huɗu

Asama'u ce, aminiyarta tun firamare, ta yi wa Malama Leah kwatancen shagon wani mai koyar da kwamfuta a bayan tashar Zuru. "Shi ya koya mini Excel. Je ki bayan magariba, ki huta da haɗa makin ɗalibai da hannu."

Da Leah ta isa, NEPA ta ɗauke wuta, ba ƙarar janareta, amma kwamfutar mutumin tana haske. Shagon sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi, alhali rabon garin da ruwan sama wata uku.

"Zauna, malama. Yau za ki koyi sauya suna."

Allon cike yake da sunaye, kowanne da kwanan wata a gefensa. Na farko ta san shi, Francis makanike ne, kwanan kuwa na ranar da ya rasu. A layi na goma sha huɗu ta ga Asama'u, da kwanan gobe.

Yatsunsa suka bi madannan ba ko ƙas. Sunan Asama'u ya goge, na Leah ya fito.

"Ƙawarki ta cika alkawari," in ji shi. "Ta ce za ta turo wadda ta fi yarda da ita."