Inda Mai Fito Ya Duba

A bakin gulbin Rima suka fara haɗuwa, zamanin Bature, shekarar da aka kawo ajin yaƙi da jahilci Goronyo. Attahiru ɗan Wurno ne, shi aka turo ya koya wa manya boko. Saurayi dogo mai farar riga da alƙalami a aljihu, irin wanda 'yan mata ke cewa ba su gan shi ba alhali har maɓallan rigarsa sun sani.

Yana zaune yana jiran jirgin fito, yana karanta wa kansa labarin tafiyarsa da ƙarfi: "Na iske gulbi yana ruri kamar zaki."

Sai ya ji dariya a bayansa. Ma'u ce, ɗiyar Sale mai fito, ta kawo wa ubanta fura.

"Malam, ka taɓa jin kukan zaki?"

"A'a."

"To, gulbin ga ka ji shi. Mi ya hana ka faɗi yadda yake yi?"

Ya kasa kunne. Ruwa na lasar gindin jirgi a hankali, kamar akuya na shan ruwan dussa. Nan take ya soke zakin. Allah ya sa ba gulma ba ce, amma masu jiran fito sun ce ranar jirgi ya je ya dawo sau biyu, Malam bai shiga ba.

Attahiru ba tatsuniya yake rubutawa ba. Labaran gaskiya ne: wani na tafiya, wani tarihin wani tsoho, wani abin da idonsa ya gani a kasuwa. Yana aika su Sakkwato a buga a 'yar jaridar da ake raba wa sababbin masu karatu. Tun daga ranar nan kuwa ba ya aika ko ɗaya sai ya karanta wa Ma'u, bayan la'asar, a zauren gidansu.

"Alƙaliyata, yau mi zan sha, bulala ko yabo?"

"Duka biyu, Malamina. Yadda ka zana hannun tsohon nan mai jima, har warin fatar na ji. Amma ka ce shekararsa ɗari. Ka tambaye shi?"

"Ya yi kama da mai ɗari."

"Kai ma ka yi kama da mai hankali."

Haka suka yi wata takwas. Ya koya mata boko, ta koya masa tambaya. Manyansa suka zo daga Wurno da goron neman aure, Sale ya karɓa da fara'a. Halliru ɗan Rabah, mai fataucin albasa, wanda ya shekara biyu yana zaryar neman Ma'u ana ce masa tukuna, ya haɗiye abinsa.

Sai Attahiru ya yi abin da so ke sa mai ilimi ya yi. Shekara bakwai da suka wuce, a damina mai ambaliya, jirgin Sale ya kife ranar kasuwa, mutum huɗu suka tafi, har da Inno, uwar Ma'u. Ba a maganar a gidan. Attahiru ya ga ya kamata a tuna da matar, ya tsinci labarin a bakin 'yan kasuwa, ya rubuta, ya aika bai nuna wa Ma'u ba. Wai kyauta zai yi mata. Bai sa sunan kowa ba, "mai fito" kawai ya ce. To, don Allah, masu fito nawa ne a mashigin nan?

Halliru ya fara samun jaridar. Ya tsaya a bakin gulbi da hantsi, gaban mutane, ya gyara murya ya karanta har ya zo kan layin nan:

"Mai fito ya dubi matarsa, ya dubi gaɓa, ya zaɓi gaɓa."

Ya maimaita, wai ko na baya ba su ji ba.

Sale ya jingine gorar tuƙinsa a jikin marke, ya taka zuwa gida. Washegari ya sa aka mayar da goro Wurno. Ya daina fito, sai dai ya zauna ƙarƙashin marken yana kallon ruwa.

Ma'u ta yi kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Kukan rabuwa daban, amma akwai wanda ya fi shi ciwo, wanda ba ta gaya wa kowa ba: ita ma ba ta san abin da ya faru a cikin ruwan ba. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya a lokacin. In ta kai wa Baba fura sai ta kasa ɗaga ido, tana tambayar zuciyarta, in gaskiya ne fa?

Gwaggo Kulu, yayar Sale, mai kitso, wadda ta riƙe ta tun rasuwar Inno, ita ta shigo da takarda a ƙunshe cikin gefen zane.

"Alƙaliyata, na yi nufin zuma na kawo harbi. Ban ci ba, ban iya tsayuwa gaban aji ba. Ki hukunta ni yadda kika so, amma kar ki yi mini shiru. Naki, Attahiru."

Ma'u ta ɗauki fensir ta cika shafi. Ta kira shi maƙaryaci, ta kira shi mai cin naman matattu, ta ce alƙalaminsa ya bi ruwa. Ta karanta wa Gwaggo tana huci.

"Madalla," in ji Kulu. "Ya ji ciwo. Sai mi? Ubanki ya tashi daga gindin marke?"

"To mi zan ce mishi, Gwaggo?"

"Ke ɗiyar nan, in kitso ya karkace, aske kan aka yi? Ki duba layin da ya tafi daidai ki bar shi. Ki sa tsinke inda ya kauce, ki warware a hankali, ki nuna inda za a bi. Mai kai na zaune, yana jin zafi."

Ma'u ta yage ta farko. Ta biyun ta ɗauke ta yini guda, hawaye na ɓata mata baƙaƙe.

"Malam. Inda ka faɗi yadda mata sunka tsaya a gaɓa da faifai a hannu sun manta da shi, gaskiya ne, ina cikinsu. Inda ka ce Inna ba ta shiga jirgi sai ta gaida kowa, na gode, ka maido mini ita. Amma layin nan guda. Wa ya gaya maka inda Baba ya duba? Kana cikin ruwan? Mutanen kasuwa sun ga ya fito, ita ba ta fito ba, iyakar saninsu ke nan. Sauran kai ka ƙara don layin ya yi daɗi. Ya yi daɗi, ya kuma karya mutum. Wanda labarin yake nasa yana da rai, yana da baki. Ka tafi ka tambaye shi. In ya ce gaskiya ka rubuta, ni zan ɗauka. In ba ka iya zuwa, kar ka sake rubuto mini. Ma'u."

Ba ta sa "Malamina" ba. Ta ɗora fensir za ta ƙara, ta fasa.

Attahiru ya je. Ya durƙusa nesa da marken ya yi sallama, Sale ya amsa don addini, bai waiwayo ba. Haka kwana shida, yana zuwa da hantsi yana tashi da azahar. Halliru kuwa ya aiko da buhun albasa, Kulu ta ce a gaya masa hawayen gidan sun isa.

Rana ta bakwai Ma'u ta kawo fura ta ji muryar Baba, sai ta laɓe bayan itacen.

"Ka zo da takarda?"

"A'a, Baba. Kunne na zo da shi."

Sale ya dubi ruwa, ya ce:

"Na riƙe ta. Da hannun ga na riƙe ta. Sai ga jaririyar wata mata ruwa ya taho da ita, Inno ta cafke, ta tura mini a ƙirji. Ta ce, 'Kai ta, ni ina riƙe da jirgi.' Na ce a'a. Ta ce, 'Sale, kai ta.' Na fitar da ɗiyar can ƙasa cikin ciyawa, inda ba kowa sai kakarta, na miƙa mata. Na koma. Jirgin na nan." Ya goge fuska da hannun riga. "Ban dubi gaɓa ba, yaro. Har na kai, Inno nake kallo."

"Baba, mi ya hana ka faɗi?" in ji Attahiru.

"Ɗiyar na garin ga, tana tallar gyaɗa. In ɗora mata gawar matata a ka?"

Ƙwaryar fura ta suɓuce daga hannun Ma'u. Ta fito ta faɗi a ƙafafun ubanta tana kuka, tana cewa ya yafe mata, shi kuwa bai ma san laifin mi ba. Ya dafa kanta, su uku suka yi ta yi, ba mai rarrashin wani.

Attahiru ya sake rubutawa. Ya buɗe da cewa shi ne ya yi kuskure, ya faɗi abin da bai gani ba. Kafin ya aika ya karanta wa Sale a zaure, Ma'u da Kulu na bayan asabari.

"Cire maganar jaririya mace ta," in ji Sale. "Ka ce wani rai."

Ya cire.

"Kuma ka ce na yi jarumta. Cire. Inno ta yi."

Ya cire wannan ma. Da jaridar ta fito, liman da kansa ya sa aka karanta a bakin gulbi. An nemi Halliru ya maimaita wa na baya, aka ce ya yi sammakon Rabah.

Bayan girbin gero manyan Wurno suka dawo da goro. Sale ya sa aka kira Attahiru.

"Ban manta ba, kar ka ce na manta. Amma mutumin da aka gyara ya gyaru, ana ba shi ɗiya. Na ba ka ita. Sharaɗi guda: ko sunanka za ka rubuta, ka nuna mata tukuna."

Aka ɗaura aure ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Kulu ta rangaɗa guɗa har ta shaƙe. Da Ma'u ta durƙusa sallama, Sale ya kama hannunta ya daɗe bai saki ba.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zuri'a masu faɗin gaskiya da tausayi. Ya jiƙan wadda ba ta ga yau ba."

Mata suka ce amin, rabi na guɗa, rabi na share ido.