Jitar da Dogo Ya Yi Musaya da Ita

Rana ta faɗi, hasken da ya rage a tsakar gida bai wuce na gane fuskar mutum ba. Kunne na zaune a kan benci, jita a cinyarsa, yana goge wuyanta da tsumma a hankali kamar mai shafa kan jinjiri. Matarsa na kicin tana fama da tukunya. 'Yarsu Auta, wadda ta kusa gama sakandare, tana kwashe shanya tana ninkewa a kafaɗa. A nan dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro, ya tsaya.

Kunne ya ajiye jitar ya leƙa waje da niyyar yi wa yaran maƙwabta tas. Layin shiru, ko kyanwa babu. Yana dawowa wani dutsen ya faɗo gaban ƙafarsa. Da ya ɗauka sai ya ji shi da ɗumi, kamar yanzu aka ciro shi daga toka. Bai gama mamakin wannan ba, jitar da ke kan benci, wadda babu kowa kusa da ita, ta yi ƙara da kanta. Waya ɗaya ce, mai kaurin, ta daɗe tana amo kafin ta mutu. Auta ta tsaya cak da zanin uwarta a hannu, ta juya tana kallon ramin jitar, ba ta ko ƙiftawa.

Sana'ar Kunne gyaran keken ɗinki, kuma abokansa ne suka laƙaba masa wannan suna, don tun daga bakin ƙofa yake gane ciwon keke kafin tela ya buɗe baki. Duk Asabar da yamma sukan taru a bayan shagon wani kafinta, su 'yan kaɗan, kowa da jitarsa. Babu makaɗin gaske a cikinsu, sha'awa ce kawai, kuma rabin zaman ma ba kiɗa ba ne, gardama ce. Wannan ya ƙwanƙwasa bayan jitar wancan da gaɓar yatsa ya ce katakon bai bushe ba. Wancan ya kanne ido ɗaya ya hango wuyan ta wannan ya ce ya lanƙwashe. Har ramin suke shinshinawa, manya da su. Musaya kuwa ba a magana, akwai jitar da ta zaga hannun kowa ta koma wa kafintan, ya karɓe ta yana yabonta kamar bai taɓa ganinta ba. In gardama ta ƙi ƙarewa sai a miƙa wa Kunne, abin da ya faɗa shi ke nan.

Jita ɗaya ce ba ta shiga musaya, ta Dogo. Dogo direba ne, aminin Kunne tun suna yawo ba takalmi. Shi ya fara ɗaukar Auta ranar da aka haife ta, kuma har ta girma 'yata yake ce mata. Jitarsa tsohuwa ce, ja mai duhu, a gwanjo ya same ta. In ya taɓa ta kowa sai ya yi shiru, har almajiran kafinta su ajiye zarto. Bai taɓa bari wani ya riƙe ta ba, ko Kunne, kuma Kunne ya daɗe yana haɗiye miyau a kanta.

Sai matar Dogo ta kwanta ciwo. Aka yi ta yawon asibiti, likitoci suka duba suka ce ba su ga komai ba. Kunne yakan rufe shago ya bi su, ya zauna a benci tare da Dogo har a sallame su. Ana cikin haka wata Asabar Dogo ya ja shi gefe, ya ce zuciyarsa ta fita daga kiɗa, kuma ba ya son jitar ta faɗa hannun wanda bai san darajarta ba. Ya ce Kunne ya ba shi tasa kawai, a yi musaya. Ta Kunne gadon mahaifinsa ce, duk ta goge a inda hannu ke kwanciya, ransa bai so rabuwa da ita ba. Amma kwaɗayi ya rinjaye shi. Ya rungume Dogo, har da ƙwalla, yana cewa ɗan'uwa na jini ma ba zai yi masa haka ba. Ba a jima ba matar Dogo ta miƙe garau, Kunne ya je barka da murnarsa.

A gida ne ya ji abin. Can ƙarƙashin daɗin muryar jitar akwai wata 'yar ziza, kamar ƙuda ya maƙale a kwalba. Matarsa ta ce ita ba ta ji komai ba, ya bar wa kansa lafiya. Ina! Mutumin da sukurun keke ɗaya in ya saki sai ya hana shi cin abinci? Ya sassauta wayoyin duka, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu cikin ramin yana lalube. Ya ci karo da wani dunƙulen kakin zuma da aka liƙa a ciki, an naɗe shi da jan zare, gefe guda ya ɗago. Ya ɓamɓare shi ya jefa a kwandon shara, ya ɗaure wayoyi, ziza ta ɗauke. Washegari da magariba duwatsu suka fara.

Daga nan gidan bai sake ganin magariba mai daɗi ba. Da rana lafiya lau. Da zarar inuwa ta cinye tsakar gida sai rufi ya fara amsawa, sai a ji wani na gunguni cikin durom ɗin ruwa, in an buɗe ba komai sai ruwa. Auta ta daina zuwa makaranta, ta daina cin abin kirki. Takan zauna ta fuskanci bangon da jitar ke rataye, yatsun hannunta na hagu suna motsi kamar mai danna wayoyi, ita da ba ta taɓa koyo ba. In uwarta ta kira ta sai ta waigo a hankali, ta dube ta kamar baƙuwa.

Kunne ya tafi gidan Dogo neman shawara, don wa yake da shi in ba shi ba? Matar ta leƙo ta ce ya yi tafiya. Ga takalman Dogo nan a bakin ƙofa, Kunne ya gan su sarai, amma ya ce wa ransa ai mutum yana da takalmi fiye da ɗaya.

Ranar da Auta ta buɗe baki ta rera waƙa da muryar tsohon namiji, uwarta ba ta tsaya shawara da kowa ba, ta yafa mayafi ta je ta zo da Malam. Dattijo ne mara yawan magana, an san shi da ruƙiya. Ya iso rana na gab da faɗuwa, ya ce a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa a kwano, a sauko da jitar a jingine ta. Ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, uwarta na riƙe da ita, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Duwatsu suka zubo kamar ƙanƙara, bai ɗaga kai ba. Aka daɗe a haka. Sai rufin ya yi tsit, jikin Auta ya sandare, ta ɗago.

"Ya isa, dattijo," in ji muryar. "Kana ƙona ni a banza."

Malam ya tambaye shi ko shi wane ne, da abin da ya kawo shi gidan mutane.

"Ban shigo gidan kowa ba. Ɗakina aka zura wa hannu."

A hankali, da tsawa da lallashi, Malam ya tatso labarin. Aljanin ya ce a cikin wata bishiya yake zaune tun kafin a haifi kakan kowa a nan. Aka sare ta, aka yanka, aka yi jita da ita, shi kuwa bai ga dalilin tashi ba. Dogo ya san da shi. Sun yi alkawari: Dogo zai kaɗa masa duk magariba, ba zai bar baƙon hannu ya taɓa ba, shi kuma zai ba jitar muryar da ba ta da na biyu. Dogo ya sha yabo ya ƙoshi, sannan ya gaji, ya rataye ta a ƙusa ya manta. Da aljanin ya taɓa matar Dogo don ya tuna masa, maimakon ya cika alkawari sai Dogo ya tafi wajen wani boka. Bokan ya toshe shi da kaki, ya ce toshiyar ba za ta daɗe ba, kuma ƙonawa ko jefarwa ba za su raba su ba. Sai dai in wani ya ɓalle kakin da hannunsa, to shi ya gaji abin.

"Dogo ya rasa wanda zai ɓalle," in ji muryar, idanun Auta suka juyo kan ubanta. "Sai ya ɗaga gefen kakin da farcensa don ya riƙa ziza. Ina jinsa ya ce wa bokan, akwai wani abokina, ko ƙuda ya tashi sai ya ji. Ba zai kwana bai sa hannu ba."

Kunne ya zauna a ƙasa. Tsoron da ya kwana biyu yana cinsa ya kau, baƙin ciki ya maye wurin. Da a ce tsautsayi ne da ya haƙura. Amma zaɓensa aka yi, kuma da abin da ya fi kowa sani a kansa aka kama shi. Ya tuna rungumar da ya yi wa Dogo, da ƙwallar da ya zubar, kunya ta rufe shi kamar shi ne ya yi laifin.

Aljanin ya ce shi ma an ci amanarsa, don haka abin mai sauƙi ne. In maigidan ya ce masa "koma", yanzu zai saki yarinyar, kafin a rufe ƙofa yana gidan Dogo. Malam ya zuba wa Kunne ido. Wallahi kalmar ta zo har bakin Kunne, ya ji ɗanɗanonta. Sai ya tuna matar Dogo kwance a bayan mota, ta rame kamar tsinke, tana yi masa sannu da wahala. Ita me ta yi? Ya girgiza kai, ya ce ba da bakinsa ba.

Malam ya ce to ba gidan da za a koma. Za a kai jitar bayan gari, inda itatuwa suke da yawa, a ajiye masa, ya zaɓi wadda ta yi masa. Aljanin ya yi ta turjiya, Malam ya ɗaga murya da karatu har ya ce ya yarda, amma da sharaɗi.

"Na saba da amon waya. In na sake jin ta a gidan nan, ko a ƙarƙashin hannun maigidan nan ko a ina ne, zan gane hanya."

Malam ya juyo ya gaya wa Kunne cewa ba dole ba ne ya karɓa. Da izinin Allah karatu zai fitar da shi ba sharaɗi, sai dai za a ɗauki lokaci, kuma jikin yarinyar ne zai sha wuyar. Kunne ya dubi Auta, leɓunanta sun tsattsage, wuyanta ya zama siriri. Tun yana yaro a gefen mahaifinsa yake kiɗa, bai san wani hutu ba bayan shi. Ya ce ya karɓa.

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki a hannun uwarta. Can ta buɗe ido ta ce, "Baba, ƙishirwa nake ji." Da muryarta ta faɗa. Da safe Kunne da Malam suka kai jitar inda aka ce, suka jingine ta a gindin wata bishiya, suka juyo ba waiwaye.

Auta ta koma makaranta, kumatunta suka dawo. Kunne ya daina zuwa bayan shagon kafinta, da suka tambaya ya ce aiki ne ya yi yawa. Ran Asabar da yamma yakan zauna a benci, hannayensa a kan gwiwa, bai san inda zai sa su ba.

Wata yamma aka yi sallama. Dogo ne tsaye a waje, duk ya rame, riƙe da jitar mahaifin Kunne. Ya fara magana da sauri, wai ya rasa yadda zai yi ne, matarsa mutuwa za ta yi, wai ya ɗauka abin zai zo wa Kunne da sauƙi tunda ya fi shi riƙon addini. Kunne ya bar shi ya gama.

"Auta fa?" ya ce. "Da kake ɗaga kakin, ka tuna da ita?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Ya miƙo jitar da hannu biyu, hannun rigarsa ya shafi wayoyin, suka yi ɗan amo a bakin ƙofa. Kunne ya ji muryar mahaifinsa a ciki, ya kuma ji waya ta uku ta sassauta. Kafin ya ankara hannunsa ya tashi da kansa ya nufi maɗaurin. Saura kaɗan ya taɓa, sai ya ji Auta daga ciki tana tambayar ko wane ne. Ya janye hannun ya cusa a aljihu.

"Ba kowa," ya ce mata. Sannan ya dubi Dogo. "Ta uku ta saki. Ka ɗaure ta in ka yi nisa da gidana."

Ya tura ƙofar ya sa sakata. Ya daɗe tsaye a bayanta, yana jin takun Dogo har ya sha kwana.